Kunun Gidan Ɗan Jawa

Babana mai tsire ne. Tukubarsa tana bakin lungunmu a Ruwais, inda iskar teku ke shigowa da ƙarnin kifi. Shi ya gina ta da hannunsa, yadda mahaifinsa ya koya masa, wanda ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya ratso Sudan, ya yi hajji bai koma ba. Larabawan unguwa siriya suke ce wa tsiren, Baba kuwa bai taɓa gyara musu ba muddin za su saya. Da la'asar ake hura wuta. Kafin magariba 'yan dakon tashar jiragen ruwa da masunta da direbobi sun kewaye shi, kowa yana nuna tsinken da ya yi wa kamu. Yankan Baba faɗi gare shi kamar tafin hannu. Ya birkiɗa shi cikin garin ƙuli, ya yayyafa man gyaɗa, ya kafa tsinken a gefen wuta, ba a kanta ba. Yakan ce nama ba ya son a matsa masa.

Ni kuwa kunya ce ta yi mini yawa. In baƙo ya yi sallama, bayan randa nake komawa. Da yake kullum kaina a ƙasa yake, ƙafafun mutane na fi sani a kan fuskokinsu. Na san mai kawo mana ruwa da kaushinsa, na san limamin masallacinmu da wani farce da ya yi baƙi, na san masu sayen tsiren Baba ɗaya bayan ɗaya da takalmansu, ta ƙarƙashin labulen ƙofa.

A shekarun ne gwamnati ta fara buɗe wa 'yan mata makarantu. Tamu tana can wajen Bagdadiyya, tafiya ce mai ɗan nisa. Baba bai so ba da farko. Inna ta yi ta bin sa da magana har ya yarda, amma da sharaɗi: ba zan tafi ni kaɗai ba, sai tare da 'yar maƙwabcinmu Ɗan Jawa, wadda uwarta ke raka ta kullum ta kuma ɗauko ta. Inna ba ta da halin rakiya, ga goyo ga dakan ƙuli. Ke nan karatuna duka a hannun gidan Ɗan Jawa yake.

A Jidda duk wanda ya fito daga waɗancan tsibirai na gabas Jawa ake ce masa, kamar yadda mu duka Takari ne ko daga ina kakanninmu suka taso. Shi maƙwabcin namu daga ƙasar Malayu yake. Ɗan siririn dattijo ne, tela, mai ƙananan ƙafafu masu tsabta kamar na jariri. Ammi muke ce masa, wato baffa da Larabci, matarsa kuma Khala, wato gwaggo. 'Yarsu ita ce ƙawata, ita kaɗai. Benci ɗaya muke zama. Surutu gare ta kamar kanari, ni kuma sauraro, sai muka dace.

Ana nan idon Ammi ya fara rauni, zare ya daina shiga allura. Ya rufe keken ɗinki da ƙyalle. Ba a daɗe ba, wata la'asar, wani ƙamshi ya ratso lungunmu daga ɗaya bakin, wajen masallaci. Ƙamshin gasasshen nama ne, amma da zaƙi-zaƙi a ciki kamar ana dafa alewa. Baba yana cikin jera tsinke, sai ya tsaya ya ɗaga hanci. Ya bar tukuba, abin da bai taɓa yi ba, ya bi ƙamshin. Da ya dawo gida ya shigo, bai ko yi sallama ba.

"Tsire yake yi," ya ce wa Inna.

"Wa?"

"Telan nan!"

"To ai sana'a ce, Malam. Kowa da rabonsa."

"Sana'a? Ki je ki gani. Nama ɗan mitsitsi kamar ƙwallon dabino, a jikin tsinken sakace. Ya shimfiɗa su a kan garwashi tsirara, babu ko ƙuli, yana yi musu fifita kamar masu zazzaɓi. Kin san abin da yake shafa musu? Sukari! Wai sate. Wai a ƙasarsu kowane bakin titi ana yi, har Sinawa ma suna sayarwa."

Kakata, mahaifiyar Baba, tana zaune tana jan carbi. Ta ce, "Sukari a nama? To Allah ya kyauta. Ƙila gidan ba gishiri."

Da abin ya tsaya nan, da an yi dariya an wuce. Amma mutanen Jidda akwai son sabon abu. Ta ƙarƙashin labule na ga takalma suna wuce tukubar Baba ba su tsaya ba. Wani direba mai silifa da aka ɗaure da waya, wanda tun ina rarrafe yake cin tsiren gidanmu, na ga ya rage sauri, ya yi kamar zai tsaya, sannan ya miƙe. Da ya dawo yana tsotsar ɗan siririn tsinke, har da ce wa Baba, "Ya mu'allim, ka ɗanɗana na Jawa kuwa? Ajib!"

A ranar Baba ya yi rantsuwa. Ya tsaya tsakar gida, hannunsa duk garin ƙuli, ya ce mutumin da ya ɗinka masa rigar sallah, wanda suka sha shayi a tabarma ɗaya, shi ne zai kafa masa wuta a lungu. Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Wallahi yarinyar nan ba za ta sake tafiya makaranta da 'yarsa ba. Halas!"

Inna ta ce, "To da wa za ta tafi?"

"Ta zauna ta taya ki daka."

Ban yi kuka a gabansa ba. Na shiga ɗaki na ninke rigar makarantata, na sa ƙarƙashin matashi. Abin da ya fi damuna shi ne 'yan mata da yawa suna jiran gurbi, kuma abla, malamarmu, ta sha faɗa cewa duk wadda ta daɗe ba ta zuwa za a ba wata wurinta.

Washegari da safe Khala ta ƙwanƙwasa ƙofa kamar kullum. Inna ba ta iya duban idon maƙwabciya ta ce mijina ya yi fushi da mijinki. Sai ta ƙirƙiro mini ciwo nan take. Ta ce haɓo nake yi, da zarar rana ta taɓa ni sai jini, ba na iya doguwar tafiya. Khala ta dafa ƙirji ta ce, "Miskina!" Kaka kuwa daga ciki tana gunaguni, wai ba a kiran ciwo da baki.

Da yamma sai ga ƙawata da langa mai hawa biyu, an rufe da farin ƙyalle, wai dubiya. Inna ta yi maza ta kwantar da ni, ta lulluɓe ni da bargo a cikin zafin Jidda, ta ɗora mini jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Ina zufa ina leƙe.

Kaka ce ta buɗe langar. A hawan sama ga tsinkayen nan ƙanana, naman ya yi ja yana ƙyalli. A gefensu wasu 'yan ƙunshi ne masu kusurwa huɗu, an saƙa su da ganyen dabino. Kaka ta ja da baya.

"La'ilaha! Laya ce wannan?" ta ce da Hausa.

Ƙawata ba ta jin Hausa, amma ta ga tsoro. Ta ɗauki ɗaya ta tsaga da wuƙa, sai ga dunƙulen farar shinkafa. Kaka ta latsa da yatsa ta ce, "Au, tuwo ne. Bayin Allah, tuwon ma sai sun yi masa kube."

Sannan ta buɗe hawan ƙasa. Wani abu ne mai kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, da ɗumi. Kaka ta shinshina. Ta lakata ta kai baki. Fuskarta ta washe.

"Gyaɗa. Tsamiya. Sukari. Yo ai kunun gyaɗa ne! Sai dai ya yi kauri, kuma sun zuba barkono, ƙila don mai jinya. Miƙo mini ludayi."

Ta ƙara ruwan zafi, ta dama, ta zauna ta miƙe ƙafa tana sha tana sa albarka. Ta ce rabonta da kunu mai gyaɗa haka tun tana amarya. Na ga ƙawata ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta rufe. A gidansu ba a gyara wa babba. Ta tsaya tana kallo har Kaka ta suɗe ludayi.

Naman mu yara muka cinye shi gayansa kafin Baba ya shigo. Gaskiya da daɗi, sai dai kafin harshe ya gane me ake ciki ya wuce.

Da Baba ya ga langar ya tambayi ta wane gida ce, aka faɗa masa, ya ce a mayar yanzu. Inna ta ce to, amma me za a sa a ciki? A unguwarmu, Balarabe ko Batakare ko Bajawe, ba a mayar da kwanon maƙwabci fayau. Wanda ya yi haka sai a yi shekara ana zancensa a bakin famfo. Inna ta ce akwai ɗan dabino.

"Dabino?" in ji Baba. "Mutum ya aiko mini da nama har gida don ya nuna mini iyawa, ni in mayar masa da dabino? Gobe zai ga nama."

Washegari ya zaɓi tsoka mafi kyau, ya yanka da kansa, ya tsaya a kanta kamar mai gadin sarauniya. Ya cika langar, ya ƙunsa yaji a takarda ya ɗora, da yankakkiyar albasa. Sai aka rasa ɗan aike, don ƙannena ƙanana ne, za su cinye a hanya. Baba ya dube ni.

"Ke za ki kai. Ki tsaya har ya ci. Ki dubi fuskarsa, ba ƙafarsa ba, ki zo ki faɗa mini."

Inna ta ce, "Mai haɓon?"

"Da yamma ai babu rana."

Haka na zama mai ciwon da ke hana makaranta amma ba ya hana aike.

Ammi ya karɓi langar da hannu biyu. Ya buɗe, ya ce, "Masha Allah! Sate babba!" Ya kira iyalinsa su zo su gani. Khala ta warware takardar yaji, ta shinshina, ta yi atishawa. Ta dubi mijinta cikin tausayi ta ce da Larabci, "Miskina, jinya ta hana uwar yarinyar dafa miyar. Gari kawai ta samu ta aiko." Sai ta juye yajin Baba, wanda aka daka da citta da masoro da kimba da kanumfari, cikin 'yar tukunya. Ta zuba ruwa. Ta zuba ruwan kwakwa. Ta kawo sukari cokali bayan cokali. Shi kuma Ammi ya juya tsinken Baba yana neman ta inda zai fara, bai samu ba. Ya miƙa hannu ƙarƙashin ƙyallen keke ya zaro almakashinsa na ɗinki, ya wanke, ya shiga datsa tsiren ƙanana-ƙanana, daidai wa daida, kamar zai yi maɓallai.

Da miyar ta yi kauri aka zuba a kwano, kowa ya soki nama yana tsomawa yana ci. Sai a lokacin na gane abin da Kaka ta sha da ludayi.

Na dawo gida Baba yana jira a bakin tukuba.

"Ya ci?"

"Ya ci."

"Me ya ce?"

"Ya ce Masha Allah."

"Shi ke nan?"

"Ya ce babba ne."

Baba ya gyara tsayuwa. "Ai dole ya ce babba ne."

Sauran ban iya faɗa ba. Amma na lallaɓa wurin Kaka, na raɗa mata cewa abin nan ba kunu ba ne, miya ce ta tsoma nama. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke da aka haifa jiya a Jidda, ke za ki koya mini kunu? Miya da sukari? Tashi ki ba ni wuri."

Langar kuwa ba ta tsaya ba, don su ma ba sa mayar da kwano fayau. Ta dawo da sate, ta koma da tsiren hanta da aka naɗe da kitse. Ta dawo, ta koma da ƙoda. Ta dawo, ta koma da tozo. Baba yaƙi yake yi, kowace langa mashi ce. Ammi kuwa bai ma san ana yaƙi ba, shi a ganinsa zumunci ne ya yi ƙarfi. Na lura kuma kowane zuwa tsinkayen suna raguwa, miyar tana ƙaruwa, don ƙawata ta ba da labarin yadda Hajiya babba, wato Kaka, ke sha. Har aka kai ga ana kawo ta a samira guda, an tsinka ta da ruwa yadda za ta shawu. Kaka ta fara sauraron ƙofa da la'asar ta yi. Tana cewa, "Mutanen nan ba su iya nama ba, amma kunu sai a bar musu."

Inna kuwa ta ce wa Baba, "Malam, naman da ya fi kyau duk gidan Jawa yake tafiya. In haka ake gaba, ni ma ka yi gaba da ni."

Ni dai ba dariya nake yi ba. Kullum in na kai langa ƙawata takan ja ni bayan ƙofa ta nuna mini abin da aka koya. An wuce ni a lissafi, an fara wata sura. Wata ranar Alhamis ta riƙe hannuna ta ce abla ta yi magana: in ban zo ranar Asabar ba, akwai wata 'yar Yaman da za a ba wurina. Har yarinyar ta zo ta ga bencin.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba yana zaune yana wasa wuƙa. Ya tambaye ni, kamar yadda ya saba, me Ɗan Jawa ya ce da tozon jiya. Ya saba jin Masha Allah. Ni kuwa na kwana da 'yar Yaman a raina, tana zaune a wurina, tana jingina da ƙawata. Ban san na shirya maganar ba sai da na ji tana fita.

"Baba, da almakashi yake yanka shi."

Wuƙar ta tsaya.

"Yake yanka me?"

"Tsiren. Ƙanana. Yajin kuma Khala tana zuba masa ruwa ta dafa."

"Ruwa."

"Da kwakwa. Da sukari."

"A yajina?"

"Cokali da yawa."

Tun da nake ban taɓa yi wa Baba magana mai tsawon haka ba. Inna ta leƙo daga madafa don ta ga ko ni ce. Baba ya miƙe a hankali. Ya ce a yi gaba da mutum daban, a bar shi cikin jahilci kuma daban, wannan alhaki ne. Ya hura wuta tun lokaci bai yi ba, ya gasa tsinke huɗu, ya ɗebi yaji a gwangwani, ya sa hularsa ta zuwa ɗaurin aure. Ya ce in wuce gaba, ni ce shaida.

Ammi da ya gan mu a ƙofa kamar ya yi tsalle. "Ahlan, ahlan, ya mu'allim! Gidan ya yi haske!" Ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya kawo matashi, ya rasa inda zai sa Baba. Ni na raɓe a bakin ƙofa.

Baba bai tsaya doguwar gaisuwa ba. "Ya jari, maƙwabcina, zauna. Na zo in nuna maka yadda ake cin nama." Ya zuba yaji a faranti. Ya kama tsinke, ya zare yanka guda da haƙori, ya dangwala a busasshen yaji, ya haɗa da albasa. "Haka. Ba ruwa. Ba sukari. Almakashi kuma na yadi ne."

Ammi ya kalla da kyau, kamar ɗalibi. Ya ɗauki tsinke, ya yi kokawa da yankan har ya zare, ya turmusa shi cikin yajin gaba da baya don ya nuna ladabi, ya jefa a baki. Garin ya tashi ya shige masa maƙogwaro. Ya yi tari, ya yi atishawa, hawaye suka zubo, hularsa ta karkace. Da ya samu numfashi ya ɗaga hannu ya ce da ƙyar, "Ajib, ya mu'allim."

"Yawwa," in ji Baba. "Ƙara."

Ya ƙara. Na ga 'yan yatsun ƙafarsa sun ƙanƙame tabarma.

Bayan ya share fuska ya ce, "Ka koya mini, na gode. Yanzu mu ma mu girmama ka da al'adarku." Ya yi kira cikin harshensu. Ƙawata ta fito da faranti, a kai kwanuka biyu cike da miyar gyaɗa, kowanne da cokalin miya babba. Ta ajiye, ta dube ni, ta koma da sauri.

Baba ya ce, "Ina naman?"

"A'a, yadda kuke yi. A ƙasarmu tsoma sate muke yi a ciki, iyakar saninmu ke nan. Amma 'yata ta ga Hajiya babba tana sha da ludayi. Na ce wa matata, ki gani, mu muna ta wahalar tsome-tsome, ashe Takari sun riga mu gane hanya. Tafaddal, bismillah."

Baba ya dubi kwanon. Ya waiwayo ya dube ni. Ni na dubi ƙafarsa, na ga babban yatsan yana motsi shi kaɗai. Ya zo koyar da mutum cin abinci, ga shi an ce masa uwarsa ta yi kwana da kwanaki tana shan miyar mutane da ludayi, kuma duk gidan sun sani, ba wanda ya yi dariya. In ya ce kuskure ne, ya tona mahaifiyarsa a gaban Ɗan Jawa.

Ya gyara hula. Ya ture cokalin gefe.

"Ba da cokali ba," ya ce. "Maza da baki suke kafawa. Haka muka gada."

Ya ɗaga kwanon ya kafa kai. Ammi ya yi maza ya ɗaga nasa. Dattawa biyu suka zauna a sabuwar tabarma ranar Juma'a suna kwankwaɗar miyar gyaɗa mai barkono, kowa yana leƙen ɗan'uwansa ta saman kwano don kada ya riga shi ajiyewa. Daga bayan labule na ji wani ɗan ƙara, kamar an toshe wa ƙawata baki.

Baba ya dire kwano, gashin bakinsa duk gyaɗa. "Alhamdu lillahi."

"A ƙaro?"

"A'a! Wato, sunna ce a bar wuri."

Sai hira ta ɓarke, ƙila don kada a ƙaro ɗin. Ammi ya shiga kuka da sana'ar. Ya ce hayaƙi ya fi allura cin ido. Ya ce mutanen nan ba su san sate ba, ɗan dako sai ya share tsinke bayan tsinke sannan ya tambaye shi yaushe za a kawo naman. "Ni kuwa sai in ce, ya akhi, wannan buɗe baki ne. In ƙoshi kake so, ga mu'allim can bakin lungu." Ya ce da alhazan ƙasarsu sun fara sauka zai kwashe kayansa ya koma kusa da masaukinsu, inda aka san darajar ƙaramin abu.

Baba ya yi gyaran murya. Ya ce ai ƙaramin abu ma da ranarsa. Ya ce garwashin da Ammi ke saye ba shi da kyau, zai nuna masa mai gawayin kirki.

Sannan Ammi ya juyo wajena. "Ya binti, yaya hancin? 'Yata kullum kuka, wai za a ba wata wurinki gobe. Haram, abin tausayi, yarinya mai ƙoƙari." Ya dubi Baba. "Babu dama ko kaɗan, ya mu'allim?"

Baba ya shafa gashin baki, ya dubi gyaɗar da ta biyo hannunsa.

"Haɓon ya yi sauƙi," ya ce. "Gobe za ta."

Sai da muka kai ƙofar gida ya ce mini, "Kakarki kada ta ji." Ya wuce wurin liman ya tambayi hukuncin rantsuwa, aka ce ya ciyar da miskinai goma. Da yammar nan ya tara su a bakin tukuba, ya ba kowa tsire da gurasa, yana tsaye a kansu yana duba kada wani ya nemi ruwa ya zuba a yaji. Shi kansa bai ci komai ba, yana ta dafe ciki. Kaka kuwa fushi ta yi da mu, wai mun je har gidan kunu ba mu zo mata da ko ludayi ɗaya ba.

Ranar Asabar tun da sassafe na sa rigata na tsaya a bayan ƙofa. Khala ta ƙwanƙwasa. Da Inna ta buɗe, sai ga ta riƙe da wata ƙatuwar baƙar laima irin ta alhazai, wadda za ta rufe mutum uku. Ta ce ba za ta yarda rana ta sake taɓa ni ba. Ta zaro auduga ta cusa mini a hanci, kafa biyu, don rigakafi. Na dubi Inna, Inna ta dubi sama.

Haka muka ratsa Ruwais har Bagdadiyya, ni da ba na son ko mutum ɗaya ya kalle ni, ina tsakiya ƙarƙashin laima, auduga tana leƙowa, yara suna bin mu suna tambaya ko 'yar wane babban mutum ce. Na samu 'yar Yaman har ta ajiye jakarta a wurina. Abla ta dubi audugar, ta ce mu matsa mu zauna mu uku. Laimar kuwa ban rabu da ita ba har aka yi hutun ƙarshen shekara, don ba wanda ya iya gaya wa Khala cewa na warke sarai.